Hawa-hawa ko sassaƙa a allo ɗaya: da wanne za ka fara da tsohon katakon da ka tara?

Duk wanda ya fara tsintar tsohon katako ya san yadda abin yake, yau ka ɗauko fasasshen akwati, gobe ƙasan durowa, jibi wani ya ce ga ƙofar da suka cire ko kana so, kafin ka ankara lungu guda ya cika kuma har yanzu ko guda ba ka yanka ba saboda ba ka tsayar da abin da za ka yi da su ba. In dai aikin ado na hannu kake so, manyan hanyoyi biyu ne a gabanka. Ko dai ka yanka katakon sirara-sirara ka yi musu haƙora a gefe ka jera su hawa-hawa, ko kuma ka ɗauki allo ɗaya mai kauri ka sassaƙa zane a jikinsa. Na yi duka biyun kuma ina son duka biyun har raina, amma gaskiya kowanne da halinsa, kuma a ganina yawancin masu farawa na hawa-hawa ne ya fi dacewa da su. Akwai dai mutanen da zan ce musu su tafi kai tsaye ga allo ɗaya, zan zo kansu.

Na hawa-hawa shi ne wanda masu tara kayan tarihi suke kira tramp art. Ya yi tashe sosai a Amurka da wasu ƙasashen Turai daga wajajen 1870 zuwa 1940, kuma salon yankan nan na cire ɗan ƙaramin gutsure da bakin wuƙa tsohon abu ne a Jamus da ƙasashen Sikandinabiya, baƙin da suka yi ƙaura ne suka taimaka ya yaɗu. Abin da ya ba shi ƙarfi a Amurka akwatunan taba ne, irin tabar nan mai kauri da ake naɗe ganyenta. Tun daga 1865 dokar haraji ta tilasta a sayar da ita a cikin akwati mai tambarin haraji, kuma ba a yarda a sake zuba taba a akwatin da aka riga aka yi amfani da shi ba, to sai akwatuna suka yi ta taruwa ba mai so. Katakonsu kuwa siriri ne, a bushe yake, yana da laushi, yawanci sida ne na ƙasashen Amurka masu zafi wanda dangin maɗaci ne, wuƙar aljihu ma tana yanka shi sumul. Mutum ya dawo daga aiki da yamma, ga katako kyauta ga wuƙa a aljihu, shikenan aiki ya samu. Sun yi akwatin ajiye kayan ɗinki, firem ɗin madubi da na hoto, gidan agogo, har kabad da durowa manya. Da akwatin kwali ya maye gurbin na katako kuma mutane suka koma ƙaramar sigari, sai aikin ya ja baya.

Sunan ma yana ruɗar mutane. Kalmar tramp tana nufin mai yawon gararamba wanda ba shi da matsuguni, kuma sai a 1959 wata mai suna Frances Lichten ta yi amfani da sunan a mujallar Pennsylvania Folklife, wato bayan zamanin aikin ya wuce. Masu binciken da suka biyo baya sun gano yawancin masu yin sa mutane ne masu gida da iyali, ma'aikatan masana'anta da manoma da sauransu, kuma ai hankali ma ya ɗauka, wa zai yi kabad mai yanka dubbai yana tafe a hanya? Gidan adana kayan fasahar gargajiya na ƙasa da ƙasa da ke birnin Santa Fe a Amurka ya yi babban baje koli a 2017 a kan wannan batu na gaskiyar aikin da tatsuniyar da aka jingina mishi.

Yadda ake yi ba wani ɓoyayyen abu ba ne. Ka yanka katako mai kaurin milimita 3 zuwa 6, na ƙasa ya fi faɗi, na samansa ya ɗan rage, na sama da shi ya ƙara ragewa, har ya tashi kamar dala. Kowane ɗaya sai ka bi gefensa da wuƙa, yanka ɗaya daga dama ɗaya daga hagu, gutsuren ya fita ya bar gibi kamar haƙorin zarto, ka matsa gaba ka sake. In ka gama sai ka jera da gam da ƙananan ƙusa. Kyawun yana fitowa ne in haske ya bugo ta gefe, kowane gibi ya yi ɗan inuwarsa, abin da tarkace ne jiya sai ka ga ya zama kamar saƙa.

Na biyun kuma, allo ɗaya, kana ɗaukar katako mai kauri, santimita biyu da rabi ko fiye, ka zana abin da kake so, ka ƙwaƙule kewayen zanen ya yi zurfi, zanen ya taso, sannan ka bi shi kana gyara tudu da kwari. In kana son ganin iyakar inda talaka mai wuƙa zai iya kai wannan aikin ka nemi hotunan aikin Elijah Pierce. An haife shi a jihar Misisifi a 1892, ya yi rayuwarsa yana aski a birnin Kolumbus na jihar Ohayo, tsakanin wannan kwastoma da wancan yana sassaƙa labarai a jikin allo yana shafa musu fenti, a 1982 aka ba shi lambar girmamawa ta ƙasa da ake ba gwanayen fasahar gargajiya, ya rasu a 1984. Allunansa labari suke bayarwa, mutane ne da dabbobi da abin da ya faru, kuma nan ne wannan hanyar ta yi wa hawa-hawa fintinkau.

To yanzu ga inda zaɓin yake, kuma zan daɗe a nan don shi ne mafi muhimmanci: wane irin katako ne a hannunka? Tsohon katako ba ya zuwa lafiyayye. Akwai ramin ƙusa, akwai tsagewa, akwai kulli, akwai inda ƙwaro ya huda, akwai inda ruwa ya taɓa ya yi baƙi. A aikin hawa-hawa duk wannan ba ya hana ka komai saboda ƙanana kake buƙata, kana kewaye wurin da ya lalace ka ɗebi mai kyau, guntun da bai fi yatsa ba ma yana da wurin zama a saman dala. Allo ɗaya kuwa yana buƙatar fili mai tsabta, faɗi da kauri, kuma irin wannan shi ne mafi wahalar samu a cikin tsofaffin kaya. Na taɓa kwashe kwanaki ina aiki a wani allon da na ciro daga tsohon tebur, sai da na yi nisa kurfina ya ci karo da karyayyiyar ƙusa da ta nutse a ciki, bakin kurfin ya gutsure, tsatsar ƙusar kuma ta bar baƙin tabo daidai tsakiyar zanen, wallahi abin ya min ciwo. Tun daga ranar ba na sa ƙarfe a tsohon allo sai na bi shi da mayen ƙarfe mai ƙarfi gaba da baya.

Sannan taurin itacen. Masu sassaƙa a Turai da Amurka sun fi son wani itace na ƙasashensu mai suna lindin saboda laushinsa kuma jijiyarsa, wato layin da ke bin tsawon katako, a miƙe take ba ta gardama, amma kai da kake tsinta ba kai ke zaɓa ba. Katakon falet, wato wanda ake ɗora kaya a kai a kwantena da sito, yawanci itacen fayin ne ko na oak ko wani itace mai arha. Fayin yana da layi mai laushi da layi mai tauri a jere, kurfi ya nutse a nan ya tsaya a can, fuska ko fure mai laushin lanƙwasa yana wahala a kansa, amma gibin haƙora yana fita daidai gwargwado in wuƙa ta ji washi. Oak da ya shekara a bushe kuwa tauri gare shi kamar ƙashi, wuƙar aljihu ba za ta kai ka ko'ina ba, sai kurfi da guduma. Filawud bai dace da allo ɗaya ba ko kaɗan tunda shi kansa ɓawo-ɓawo ne aka manna, amma yana da kyau a matsayin bayan da za ka ɗora hawa-hawa a kai. MDF kam, wato allon da ake matse garin katako da gam a yi shi, ka bar shi, gam ɗin da ke ciki yana dakushe wuƙa nan da nan kuma ƙurarsa ba ta da kyau ga huhu. Ƙasan tsohuwar durowa, akwatin kayan marmari, siraran katakon labulen taga, bayan tsohon firem, waɗannan su ne suka fi kusa da akwatin taba na da, in irinsu ka fi tarawa to katakon da kansa ya riga ya zaɓa maka.

Akwai maganar lafiya da ta shafi duka biyun, don Allah kar a tsallake ta. Falet ɗin da ke ƙetare iyakar ƙasashe yana ɗauke da tambari bisa wata ƙa'ida da ake kira ISPM 15 wadda aka amince da ita a 2002. In ka ga HT to zafi aka ba shi, sai da tsakiyar katakon ya kai digiri 56 a ma'aunin Salsiyas na tsawon minti 30 don kashe ƙwari, wannan ba matsala. In ka ga MB to da wani hayaƙi mai guba aka turara shi, ka bar shi a inda ka gan shi. Wanda ba ka san me aka ɗora a kai ba kuma ga tabon mai ko wani wari, shi ma ka haƙura. Katako mai ɗan launin kore-kore da ake amfani da shi a waje, sau da yawa maganin da aka dafa shi da shi yana da wata guba mai suna asenik, a Amurka an daina sa irinsa a aikin gidaje a ƙarshen 2003 amma tsofaffin suna nan, kar ka goge shi da sanfefa kar ka ƙona shi. Katakon layin dogo mai baƙin mai da warin kwalta ba na cikin ɗaki ba ne. Sai tsohon fenti, wanda zai iya ƙunsar dalma, Amurka ta hana fentin dalma a gidaje a 1978 kuma ƙasashe da yawa sun daɗe bayan nan ba su hana ba. A nan allo ɗaya ya fi jefa mutum cikin haɗari, saboda katako mai kauri da faɗi yawanci ƙofa ne ko taga ko tebur mai fenti hawa uku hawa huɗu, kuma dole ka cire fentin kafin ka fara. Gogar irin wannan a bushe yana tayar da ƙurar da yara ƙanana suka fi cutuwa da ita. In ba ka da abin gwada fentin, ka ajiye wannan ƙofar tukuna.

Kayan aiki kuma, bambancin a fili yake. Hawa-hawa: wuƙa ɗaya mai gajeren baki, ƙaramin zarto, rula, fensir, gam, ƙananan ƙusa, dutsen washi. Allo ɗaya: kurfi miƙaƙƙe, masu lanƙwasa kamar cokali aƙalla biyu ko uku, mai baki kamar kusurwa don jan layi, gudumar katako, da abin da zai danne allon ya hana shi motsi. Kuma wasa kurfi mai lanƙwasa ilimi ne mai zaman kansa, mutane da yawa a nan suke karaya, suna zaton hannunsu ne bai iya ba alhali ƙarfen ne ya dakushe.

Kuskure fa? A hawa-hawa in wuƙa ta zame ta fasa haƙori uku, ka jefar da wannan sirin ka yanko wani, asarar rabin awa ce. A allo ɗaya abin da ka cire ya tafi kenan, in hanci ya ɓalle ko ganye ya karye sai dai ka ƙara zurfafa komai ka sake fito da shi, ko ka manna ka zauna da tabon. Shi ya sa nake cewa hawa-hawa ya fi tausayin mai koyo. Kuma yana koya maka abu biyun da duk masassaƙi yake rayuwa a kansu, wasa wuƙa da sanin inda jijiyar katako ta dosa, don gibin da ka yanka a gefen da ya bi jijiya da wanda ka yanka a gefen da ya gitta ta ba iri ɗaya suke fita ba, bayan ɗari biyu hannunka zai gane da kansa.

Amma kar wani ya ce maka yana da sauri. Mu yi lissafi. Firem mai santimita 30 da 40, kewayensa santimita 140 ne. In kana yin gibi ɗaya a kowace santimita, gefen ciki da na waje, kusan 280 kenan a hawa ɗaya. Hawa biyar ya kai wajen 1400, kowane gibi yanka biyu, kusan yanka 2800 a firem ɗaya tak. Akwai wanda wannan maimaicin yake kwantar wa da hankali, ya zauna yana yi yana hira ko yana jin rediyo, ya ajiye ya ɗauka gobe daga inda ya tsaya, ni ina cikinsu. Akwai kuma wanda kafin ya kai gibi na ɗari ransa ya gundura. In ka san kai irin na biyun ne ka gaya wa kanka gaskiya tun yanzu, allo ɗaya zai fi riƙe ka saboda kowane sara sabuwar shawara ce, sai dai yana son natsuwa cikakkiya da wuri tsayayye, ba aikin da za ka ɗora a cinya ba ne, kuma bugun guduma yana damun wanda kuke zaune tare.

Abin da kowanne zai iya faɗa shi ma daban ne. Hawa-hawa yaren siffofi yake yi, murabba'i, tauraro, zuciya, da'ira, layi kan layi, kuma ya fi kyau a jikin abu mai amfani kamar akwati ko madubi. In abin da ke cin ranka shi ne ka fito da tsuntsu a kan reshe, ko fure, ko rubutu mai lanƙwasa, ko wani abu da ya faru da kai, hawa-hawa zai matse ka. Akwai wani ɗan'uwansa da ake kira rawanin ƙaya, inda ake yanka ƙananan sanduna masu gibi a sarƙe su cikin juna ba gam ba ƙusa, abin sha'awa ne ƙwarai amma ka bar shi sai hannunka ya faɗa, gibi ɗaya ya yi faɗi sai sarƙar ta saki.

Sai batun daɗewa. Katako yana shan danshin iska ya kumbura, iska ta bushe ya motse, kuma motsin ta faɗi yake yi, ta tsawo kusan babu. Allo mai faɗin santimita 30 zai iya motsa milimita kaɗan tsakanin lokacin danshi da lokacin bushewa, kuma tunda ka ƙwaƙule fuska ɗaya ka bar ɗayar, yana iya lanƙwashewa kamar kwano ko ya tsage. Maganinsa ka bar katakon ya yi sati biyu ko fiye a ɗakin da za ka yi aiki kafin ka taɓa shi, kuma in za ka shafa mai ko banish ka shafa gaba da baya har da gefuna. Hawa-hawa ba ya tsagewa irin haka don kowane guntu ƙarami ne, matsalarsa ita ce faɗuwar na saman dala, musamman inda aka manna wani a gicciye kan wani, ɗaya na jan gabas ɗaya na jan kudu har gam ya saki. Ka jera su jijiya na bin jijiya inda zai yiwu, ka ƙara ƙusa siririya, ka fara huda ramin kafin ka buga don kar ya fashe. Ƙura kuma, gaskiya hawa-hawa maganaɗisun ƙura ne, tsumma ba ya shiga gibin, sai burushi mai laushi. Nauyi ma yana yaudara, firem mai hawa bakwai ya fi yadda ido ke gani nauyi, ka sa mishi marataya ta kirki.

In kuma saye kake tunani ba yi ba, tsohon tramp art na gaske sau da yawa in ka juya bayansa ko ka leƙa cikin durowa za ka ga ragowar takarda ko tambarin akwatin taba, gibin ba su zama daidai wa daida kamar na inji ba, kuma wasu kawunan dala sun ɓalle ko an maye su. Kar ka kankare tsohon banish don ya yi ƙyalli, darajarsa kake kankarewa. Sabon aiki na masu yi yanzu ya fi ƙarfi kuma za ka iya tambayar mai yi daga ina katakon ya fito, wanda ga ɗakin yara ni shi zan ɗauka.

Saboda haka in siraran katako ka tara, wuƙa ɗaya gare ka, wurin aikinka ƙarami ne, lokacinka guntu-guntu ne, hawa-hawa ne naka ba tantama. In kana da allo mai kauri marar fenti marar ƙusa, ka iya zane ko da ɗan kaɗan ne, akwai hoton da ya tsaya maka a rai, kuma kana shirye ka koyi wasa kurfi, ka tafi allo ɗaya, amma ka fara gwadawa a guntu kafin ka taɓa allon da kake ji da shi. Wanda yake da duka biyun yana iya haɗa su daga baya, sassaƙa a tsakiya, hawa-hawa ya zama firem ɗin da ya kewaye ta, suna dacewa da juna sosai.

Aikin farko da nake ba kowa shawara murfin ƙaramin akwati ne, hawa uku kawai, na ƙasa santimita 12 da 8, kowane na sama ya rage santimita ɗaya ta kowane gefe. Ka sa alamar gibin da fensir kafin ka yanka, ka riƙa tura wuƙa nesa da yatsunka, hannun da ke riƙe katakon ya zauna a bayan baki, kuma da ka ji wuƙar ta fara murƙushe katakon maimakon yanka shi ka tsaya ka koma kan dutsen washi.